Goyon 'Yar Mai Rini

Shekaranjiya da hantsi ina zaune a ƙofar ɗakina ina tsince wake, sai na ji jikata tana ciniki da ɗan okada a bakin titi, za ta kasuwar Bodija sayen albasa. Da Yarbanci ta fara, ta ratsa da Turancin nan nasu na kan titi, da ya ƙi yin ragi ta juyo ta ce da ƙanwarta da Hausa, "Rabu da shi, ga wani can." Harshe uku a numfashi guda, kuma ko mutum ɗaya bai waiwayo ya dube ta ba. Na ajiye faifan na bi ta da kallo. Abin da ta yi a tsaye ba tare da ta san ta yi wani abu ba, shi ne ya taɓa kwantar da ni a ɗaki kusan damina guda, a wannan unguwar, taku kaɗan daga inda take tsaye.

Sabo, unguwar nan tamu ta Hausawa a ƙasar Yarbawa, da muka tarar da ita ba haka take ba. Gidajen kwano a lokacin da yatsun hannu za ka ƙirga su, na manyan masu gidan goro da na shanu. Sauran duk bukkoki ne da ɗakunan laka an kewaye da zana, in ka yi tari a gidanku maƙwabciya ta ce maka sannu. Inda yanzu motoci ke zagaya shataletalen Mokola direbobi suna ɗura wa juna ashar, gonakin rogo ne da ciyawa mai tsawon mutum, sai 'yar hanyar da shanu suka tattake. Ladan da maƙogwaronsa yake kiran salla, babu na'ura, amma har ƙarshen unguwa ana jinsa, domin babu mai gasa da shi sai zakaru. Yana yin shiru taɓare su ɗauka, gida ya amsa wa gida, har kana iya gane wadda ta makara daga sautin turminta. Rana na ɗagowa 'yan mata su jera da tuluna zuwa rafi, wasu kuma su zauna wanke ganyen da ake naɗe goro, tsofaffi suna tsince goron ɗaya bayan ɗaya suna ware mai sankara, wanda tsutsa ta ci. Ƙamshin jiƙaƙƙen ganyen nan da kashin shanu da hayaƙin itace, su ne warin Sabo a hancina har gobe. In iska ta juyo sai ta kawo kukan jirgin ƙasa daga tasha, sai ka ga mata sun ɗan dakata da daka, kowace ta tuna garinsu. Yanzu ko jirgin ya yi kuka babu mai ji, janareto ya rufe kunnen kowa.

Ni ba a nan aka haife ni ba, ba kuma a Arewa ba. Babana mai sayen goro ne wa wani maigida na nan Sabo, sai aka zaunar da shi a wani ƙauyen Yarbawa can cikin kurmi, inda ake noman goron. Mu kaɗai ne Hausawa a garin, ɗaki guda aka ba mu a gidan wani manomi. Baba kullum yana yawon gonaki, Inna kuwa bayan haihuwata ta daɗe tana jinya, saboda haka a bayan matar manomin na girma. Da 'ya'yanta na yi rarrafe, da su na yi wanka a rafi, ƙannensu ni na goya. Ina jin Hausa sarai, amma in na buɗe baki Yarbanci ke rigan ta fitowa. A can babu wanda abin ya dama. Sai da na kai shekara sha uku ko sha huɗu, don ba a ƙirga mana, Baba ya dube ni wata rana ina faɗa da akuya da Yarbanci, ya ce wa Inna lokaci ya yi da za a kai yarinyar nan cikin 'yan uwanta. Bai fi wata biyu ba maigidansa ya kira shi Sabo ya riƙa kula da ɗaurin huhun goro, muka tattara. Na yi kuka a hanya har muryata ta dushe, amma a raina ina ɗokin ganin garin da kowa irinmu ne.

A gidan Goggo muka sauka, yayar Baba. Mijinta ya daɗe da rasuwa, tana tuwon sayarwa ga masu koro shanu daga Arewa da 'yan dako. Doguwa ce, ga murya, in tana yabonka sai ka ɗauka faɗa take. Ta fi shekara talatin a ƙasar Yarbawa amma abin da ta iya na harshensu bai wuce gaisuwa biyu da zagi ɗaya ba, kuma takan rikita su. Sunan mahaifiyarsu aka sa min, don haka ita da Baba ba sa faɗin sunana, Uwata suke ce min.

Kwana kaɗan da zuwanmu Inna ta fara fura, aka ɗora min ƙwarya na bi 'yan matan unguwa talla. Na yi kwalliya ranar, har da kwalli. Muka isa zauren wani mai gidan shanu, dillalai sun cika shi, a tsakiyarsu wani dattijo mai farin gemu har ƙirji. Na durƙusa yadda aka koya min, na ce da ƙarfi, "Baba, za ki sayi fura?"

Zauren ya fashe da dariya. Wani har da faɗuwa daga kan buzu. Ni ban ma san abin da na yi ba, domin a Yarbanci babu ka babu ki, mace da namiji kalma ɗaya ce. Sai da wata cikin 'yan matan ta ja ni waje tana riƙe da ciki ta ce na mai da dattijo mace. Kafin na kai gida suna ya riga ni. Za-ki-saya. Yara suna bina da shi suna tafi, a rafi in na ce a miƙo min gammo sai a sa ni in maimaita don a ji yadda nake karya kalma. Ba mugunta ba ce irin ta sosai, yanzu na sani, abin dariya suka samu a unguwar da abin dariya ya yi ƙaranci. Amma ni a lokacin abin da na gane shi ne, a ƙauye ni 'yar Gambari ce, wato Bahaushiya a bakin Yarbawa, a nan kuma ni Bayarbiya ce. Na rage magana, sannan na daina. Na ce kaina na ciwo aka ɗauke min talla. Na ce ƙafata aka ɗauke min rafi. Daga nan ban ƙara neman dalili ba, na kwanta kawai.

Wannan kwanciyar ita ce nake so in faɗa daidai, domin har yau ban ga wanda ya faɗe ta yadda take ba. Ba ciwo ba ne, jikina babu zafi. Ba fushi ba ne, fushi ai yana da ƙarfi. Ko kewar ƙauyen ma daga baya ta dushe. Abin da ya rage shi ne komai ya yi nauyi kuma babu abin da ya cancanci a ɗaga shi. In na ga tsintsiya sai in ce in an share gobe ma za a sake. In aka ajiye min tuwo in dube shi har ya yi fata. Kitso ya tsufa a kaina har ya cukurkuɗe. Salla ma sai Inna ta tsaya a kaina. Ina kwance ina kallon hasken rana yana shigowa ta ramukan zana, yana tafiya a bango daga wannan kusurwa zuwa waccan, in ya kai ƙarshe na san yini ya wuce, ban ji daɗi ba ban ji haushi ba. Yanzu in yaro ya yi haka ana da sunan da ake kiran abin, har likita ake kai shi. Mu a lokacin cewa aka yi iska ce ta biyo ni daga kurmi. Na sha rubutu har haƙorana suka yi baƙi, an yi min hayaƙi har na yi tari. Baba yakan tsaya a bakin ƙofa da safe kafin ya fita, ya ce, "Uwata, yau da sauƙi?" In ce da sauƙi. Ya daɗe a tsaye, sannan in ji takunsa yana tafiya a hankali. Inna kuwa a madafa take kukanta, tana cewa hayaƙi ne. Goggo ce kaɗai ba ta lallashe ni ba, ba ta kuma yi min faɗa ba. Takan leƙo ta dube ni da ido ɗaya kamar mai duba miya ko ta nuna, ta saki labule ta wuce.

Ranar da abin ya faru ranar lodi ce, maza duk sun tafi tasha da huhunan goro, wasu suna kara wajen shanu. Da hantsi 'yan mata suka dawo daga rafi da wata 'yar Bayarbiya da suka tsinta a bakin hanyar shanu, ba ta fi shekara uku zuwa huɗu ba, ita kaɗai, tana ta tsala ihu. Gidan Goggo ne na farko, nan suka shigo da ita. Ina kwance ina jin komai ta zana. Mata sun leƙo ta katanga, wannan ta ce a ba ta fura, waccan ta ce a ba ta alewa, wata ta ɗauke ta tana jijjigawa, yarinyar kuwa sai ƙara ihu take. Da farko ban kula ba. Amma kunnen da ya saba da kukan yaran Yarbawa ba ya iya toshewa. Cikin ihun nan magana take yi, irin maganar yara mai rabi da rabi, kuma abu ɗaya take ta maimaitawa. Aka ci gaba da tura mata fura a baki. Wani abu ya taso min wanda na daɗe ban ji ba, haushi. Ban san sanda na ɗaga murya ba.

"Ƙaya ce a ƙafarta!"

Kowa ya juyo wajen ɗakina, don an kwana biyu ba a ji muryata a tsakar gida ba. Sai Goggo ta ce, kamar ba wani abu, "To, Uwata, ƙafa biyu gare ta, mu ba mu san wacce ba. Fito ki nuna mana."

Na fito ina kare ido da hannu. Na tsuguna gaban yarinyar na yi mata magana yadda ake yi wa yara a ƙauyenmu. Ta tsaya cak da kukan, ta ƙura min ido, sai ta miƙo ƙafar hagu. Ƙayar ta shige can tsakanin yatsu. Na cire da allurar Inna, na ba ta ruwa, don tun ɗazu shi take roƙo, ta shanye moɗa guda ta maƙale a wuyana ta ƙi kowa.

Nan fa matan suka shiga abin da ya fi kukan tsoro. A zamanin nan zama tsakaninmu da mutanen gari bai yi daɗin da ya yi daga baya ba. Duk abin da ya ɓace a cikin gari, akuya ce ko zane, Sabo ake fara kallo. To balle ɗan mutum. Wata ta ce in aka zo aka same ta a nan cewa za a yi Gambari sun sace ta. Inna ta ce a jira maza su dawo da la'asar a kai ta gidan Sarkin Hausawa. Goggo ta ce kafin la'asar uwarta ta haukace, kuma dangin ubanta sun iso da adduna. Ta juyo gare ni.

"Tambaye ta 'yar wace ce."

Na tambaya. Sunan uwarta dai Iya, wato uwa, ba ta san wani ba. Amma da na riƙe hannunta na ga faracenta shuɗi ne, kuma ɗan zanen da ke jikinta yana warin baba, ganyen rini. Na ce mata Iya tana matse tufafi a tukunya? Ta gyaɗa kai, ta nuna min yadda ake yi da hannuwanta biyu. Na ce gidanku akwai me? Ta ce akwai ruwa a kusa, akwai kuma akuya mai ƙaho ɗaya da ke cin abincinta. Na faɗa wa Goggo uwarta mai rini ce, a bakin rafi suke.

"Madalla," in ji Goggo. Ta cire majanyi daga igiya ta jefo min. "Goya ta."

Na ce, "Goggo, ba zan iya ba."

"Ni ma ba zan iya ba, bayana ya tsufa, bakina kuma kin san abin da ya iya. Ke ki yi magana, ni in riƙe sanda."

Inna ta ce, "Yaya, yarinyar nan rabonta da cin abin kirki..."

"In ta faɗi na ɗauko su su biyun," Goggo ta katse ta. Ta bar tukunyar tuwonta a kan wuta, abin da ba a taɓa gani ba, ta sa ni gaba.

Na gyara goyon na fita. Muka ratsa unguwa da kaina a cukurkuɗe ƙarƙashin kallabi, ina jiran in ji an kira sunan nan. Wani yaro ya fara, Goggo ta ɗaga sanda ya haɗiye sauran. Muka bi ta gonakin Mokola muka gangara wajen gari. Yarinyar ta yi luf a bayana, ɗuminta yana ratsa ni, tana wasa da bakin kallabina tana ba ni labarin akuyar. Duk mai sayar da abu a bakin hanya in durƙusa in gaishe ta in tambayi marina. Ashe masu rini a bakin rafin nan sun fi goma. Muka je wajen na farko ba su san ta ba, na biyu ma haka. Rana ta take, gumi ya jiƙa majanyin, amma abin mamaki ban tuna da gajiya ba. Tunanina duk yana kan akuya mai ƙaho ɗaya.

A wata 'yar kasuwa ne aka tare mu. Wata mai sayar da barkono ta dubi Goggo da shigarta ta Hausawa, ta dubi yarinyar da ke bayana da tsagen fuskarta, ta ƙwala ihu. Kafin ka ce me an kewaye mu. Ina jin abin da suke faɗa, Goggo ba ta ji, shi ya sa ta tsaya ƙiƙam tana harararsu. Gambari sun ɗauki yarinya. A kira 'yan doka. Wani saurayi ya kama sandar Goggo. Wata ta fara kwance min majanyi ta baya, yarinyar ta ƙanƙame ni tana ihu. Goggo ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Uwata, in kina da magana yanzu ne lokacinta."

Na zube gwiwa biyu a ƙasa da goyon, yadda 'yar Yarbawa mai tarbiyya ke yi, na fuskanci wadda ta fi kowa tsufa a wurin. Na gaishe ta da gaisuwar rana, da ta kasuwa, da ta zama, ban tsallake ko ɗaya ba. Sannan na faɗi komai daga farko, inda aka tsince ta, ƙayar, ruwan, faracen, akuyar. Maganar tana fita kamar an buɗe kwata, ni da na yi wata da watanni ban haɗa kalma goma a yini ba. Na kai aya na ɗago kai. Sai tsohuwar ta tafa hannu ta ce, "Jama'a, ku ji 'yar Gambari da bakin mutanen daji!" Aka kwashe da dariya. Ashe Yarbancin nawa na ƙauye ne tuburan, irin wanda 'yan birni ke kwaikwaya in suna son nishaɗi. Suna dariyar suna maimaita kalmomina. Na tsaya ina jiran abin nan ya soke ni kamar na zauren dillalai, sai na ga saurayin ya saki sandar Goggo, mai kwance majanyi tana gyara min shi. Dariyar ce ta cece mu. Wata mai ganye ta ce ta san gidan akuyar, tun safe ake neman yarinya a can, har an ce an ga ta bi garken shanu, maza suna taruwa za su Sabo.

Rabin kasuwar ne ya raka mu. Tun daga nesa muka hango maza tsaitsaye a ƙofar gidan, wasu da sanduna. Sai ga wata mace ta keto su da gudu, kai babu ɗankwali, hannuwanta shuɗi har gwiwa. Ba ta ma jira na kwance goyon ba, ta rungume mu mu biyun, ta zube da mu ƙasa tana kuka tana kiran sunayen yabo na yarinyar ɗaya bayan ɗaya. Da ta sake ni, shatar hannayenta biyu ta fito a jikin rigata, shuɗi shar. Mazan nan suka jingine sandunansu a bango ɗaya bayan ɗaya suna sunkuyar da kai. Uban ya zo ya kwanta rub da ciki gaban Goggo yadda mazansu ke gaida manya, ita kuwa ta jawo ɗaya daga cikin kalmominta uku na Yarbanci. Allah ya taimake mu gaisuwar ce ta fito.

Ba su bar mu mun tafi ba sai da muka ci abinci. Aka kawo amala da miyar ganye mai yauƙi, irin wadda na girma da ita. Na wanke hannu don kunya kawai, sai na ga kwanon ya ƙare, aka ƙaro, ya sake ƙarewa. Goggo tana gefe da ɗan eko, daskararren kamu, a ganye tana ɓantara kamar magani, tana kallona ta wutsiyar ido. Akuyar ma ta zo, ƙahonta ɗaya kuwa, ta sa baki a kwanon yarinyar. Na yi dariya har na ƙware.

Da zan ce daga ranar na warke da na yi ƙarya. Washegari na farka nauyin nan yana nan inda na bar shi, na juya na fuskanci bango. Sai ga Goggo da kwalbar manja a hannu. Ta ce jiya ta gano shekara talatin ana yi mata magana a kasuwa ba ta san ko addu'a ake mata ko tsinuwa ba, in tashi in raka ta. Na ce ba na jin daɗi. Ta ce, "Ban ce ki ji daɗi ba, cewa na yi ki tashi." Wannan maganar ta maimaita min ita ya fi sau ɗari. Ba ta taɓa ɗora min aiki biyu a yini ba. Yau manja, gobe itace, jibi barkono. In mun dawo in na ga dama in koma in kwanta, ba ta hanawa. Akwai ranakun da na ƙi tashi sam, ta tafi ita kaɗai ta dawo da gishiri a madadin daddawa tana ta masifa, har in ji kunya. A hanya kuwa makaranta ce. Ta nuna mutum ta ce, "Wancan ka ne ko ki?" Ta sa ni in ce tsintsiya, tsamiya, ƙoƙo, ɗanɗano, har sai harshena ya gaji. Ni kuma in koya mata kalma ɗaya ta Yarbanci, ta riƙe ta har bakin kasuwa, ta zubar da ita a can.

A hankali labari ya bazu cikin matan kulle cewa akwai yarinya a gidan Goggo mai jin bakin masu kawo itace da tukwane. Aka fara aiko yara kirana. Wadda ta fi kowa yi min dariya a rafi ita ta zo da kanta wata rana, uwarta na rikici da mai sayar da tukunya, ta tsaya tana murza yatsu ta kira ni da sunana na gaskiya. Mai rinin nan kuma duk bayan kwana biyu sai ta aiko a kai ni, yarinyar ta ƙi cin abinci sai ta ga Gambarinta. Ban san ranar da nauyin ya tafi ba. Na dai tuna wata safiya Inna ta fito alwala ta tarar na share tsakar gida na ɗora ruwa, ina zaune ina tsefe kaina. Ta koma ɗaki ta ɗauko mataji da man shanu ta zauna a bayana. Da kaka na sake ɗaukar ƙwaryar fura da kaina, ban bari an ce min ba. Dattijon nan mai farin gemu ya saya, ya ce shi tun ranar bai ji haushi ba, uwarsa ma mace ce.

Goggo ta yi tsawon rai, ta ga 'ya'yana. A ƙarshen kwanakinta, da ƙafa ta ƙi, ni nake zuwa in yi mata wanka in dama mata kunu. Wata rana da yamma ina shafa mata mai a ƙafa muka faɗa hirar ranar goyon, na ce Allah ne ya sa babu namiji ko ɗaya a unguwa, da ba ni za a aika ba. Sai ta yi dariya har da tari.

"Wa ya gaya miki babu? Tsohon mahaucin nan na bayan gidanmu yana nan, wanda matarsa Bayarbiya ce, ya fi ki jin Yarbanci sau goma, kuma babu mai rinin da bai sani ba. Kina ciki kina cire ƙaya ya yi sallama a zaure ya ce a ba shi yarinyar ya kai ta. Na ce ya koma gida, akwai mai kai ta."

Na saki ƙafarta na dube ta. Na ce, "Goggo, da an yi mana duka a kasuwar nan fa?"

"Ai yana biye da mu daga nesa, ni na ce ya biyo, kada dai ya bari ki gan shi." Ta gyara kwanciya. "Ya yi min musu da farko. Ya ce, wannan 'yar taku ai ba ta da lafiya. Na ce masa, shi ya sa."

Ta turo min ɗaya ƙafar. "Shafa nan ma, Uwata, kin tsaya kina kallona."